Tagar Benen Alhaji Jatau

"A ina ka fara ganinta?"

Inna Luba ce ta jefa tambayar, tana tsaye bakin zaure da muciya a hannu. Saurayin da ya zo wurin jikarta Sumayya ya sunkuyar da kai. Isah sunansa, ɗan Bilbis, yana shekarar ƙarshe a jami'a.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba... ta taga."

"Wace taga?"

"Ta benen Alhaji Jatau. Ɗakin sama nawa ne."

"Innalillahi! Ashe kai ne!"

Ba wai Inna Luba ta tsani jami'a ba ne. Tun da aka kafa ta a gefen Gusau ƙauyensu ya koma unguwa. An ja wuta, an shimfiɗa kwalta, ɗanwaken da take yi kuwa kafin hantsi ɗalibai sun cinye har ƙasan tukunya. Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya: benen hayar da Alhaji Jatau ya gina wa ɗalibai jikin katangarta, tagarsa ɗaya tana kallon tsakar gidanta tsaf.

Tun daga nan ba ta ƙara zama da ɗaurin ƙirji ba a gidan da aka kawo ta tana amarya. Ana tsananin zafin bazara, ita tana daka cikin hijabi! Kitso ma sai a ƙuryar ɗaki. Ta kai kuka wurin mai unguwa, ya ce ta yi haƙuri. Ta tari Alhaji Jatau, ya ce ɗalibai karatu suke, ba su da lokacin leƙe.

"To ga karatun nan ya biyo ni har zaure!" ta ce wa Isah.

"Wallahi Inna iska na buɗe in sha, sai na hange ta tana shanya... tun ranar na sa labule."

"Labule! Wanda iska ke ɗagawa? Tashi ka ba ni wuri. Muddin tagar nan tana buɗe, ko sunan Sumayya kada in ji a bakinka."

A ɗaki ta tarar da Sumayya tana kuka.

"Inna, shi fa gaskiya ya faɗa..."

"Na ji. Amma ni ce uwarki, ni ce ubanki. In na ba shi ke ta taga, gobe duk yaran benen sai su jeru a kanta!"

Ta faɗa dai, amma ranta bai so ba. Yaron na da kunya, shi kaɗai ne in ya ci ɗanwake yake wanke kwanon.

Ranar Asabar da hantsi ta ji ana buga gini a sama. Ta ɗaga kai. Isah ne cikin tagar yana jera bulo, ya kawar da fuskarsa gefe. Ashe bayan sallar Juma'a ya tsayar da Alhaji Jatau gaban jama'a ya ce, "Alhaji, ana ganin cikin gidan mutane, ni shaida ne." Nan take Alhaji ya ce a toshe tagar, a fasa wata ta wajen titi.

"Inna!" Isah ya ɗaga murya. "Saura bulo ɗaya, ki shaida!"

"Sa shi mana, ɗan nema! Jiran me kake?"

Ramin ya rufe ruf.

Inna Luba ta tsaya tana kallon bangon. Sai ta cire hijabin ta wurgar kan igiya, ta baje bisa tabarma a tsakiyar gidanta. Iska ta taɓa kafaɗunta. Ba ta san sanda hawaye ya zubo mata ba.

"Sumayya! Zuba ɗanwake, ki sa mai da yaji sosai, ki kai masa zaure."

Daga inda take tana jiyo su.

"Yanzu ta ina za ka riƙa ganina?" Sumayya ta tambaya tana dariya.

"Haba sanyin idona... ai shi ya sa nake so a ba ni ke gaba ɗaya!"

Inna Luba ta goge ido da bakin zani, ta ƙwala masa kira.

"Kai mai taga! Ka ce manyanka su taso daga Bilbis, na ba ka. Amma ta ƙofa za su shigo, da sallama!"