Wayar da Alhaji Saminu Ya Buga Nguru

"Baiwata, saura kwana ukku. Na sawo igiya kasuwar Matankari, in kin tashi tahiya in ɗaure ki ga turken akuya."

Luƙman ne, ko hular babur bai cire ba ya fara. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke takalman da zan tafi da su, na ɗago na dube shi.

"Luƙman, ya isa."

"Mi niy yi maki kuma?"

"Wata tara kana ce min baiwarka, matarka, kayan gadonka. Ranar Asabar zan tafi. Ka faɗa min magana ɗaya wadda ba wasa a cikinta... guda ɗaya tak."

Ya cire hular ya tsaya da ita a hannu kamar an kama shi da satar nama.

Ni Babarbariya ce daga Nguru, sunana Yagana. Faransanci nake karanta a jami'a, aka ce dole kowa ya yi shekara a ƙasar da ake jin harshen. Babana ya ce ba zai kai ni inda bai san kowa ba, shi ne ya damƙa ni ga tsohon amininsa Alhaji Saminu na Dogon Dutsi, Ba'are, mahaifin Luƙman. Sun san juna shekara talatin, tun suna fataucin kanwa.

Abin da ban gane sosai ba sai da na zo, tsakanin Barebari da Arawa akwai wasan taubasai mai ƙarfin gaske. Su ce mu bayinsu ne, mu ce kakansu ɗan Barno ne da ya ɓata hanya. Ba a fushi, ba a kai ƙara, kuma abin da taubashi ya roƙa ba a hana shi. Daga mai kosai har malamanmu na lakwal, wato makaranta, kowa a garin nan ya ce zai aure ni. Na saba, har ramawa nake yi. Amma na mutum ɗaya ne yake hana ni sukuni, don ban san inda wasansa ya ƙare ba.

Ina son shi, wannan kam na daina yi wa kaina ƙarya tun watan azumi.

"Yagana..." Ya ajiye hular a kan babur. Karo na farko ke nan da na ji sunana a bakinsa ba tare da wani ƙari ba. "Ban iya ba. In na buɗe baki in hwaɗi, sai wasa shi rigaye ni hita."

"To ka koya, lokaci ya ƙure."

"Na gaya ma Baba da sahe. Ya ce in an yi la'asar shina kiran babanki."

Takalmin ya suɓuce min cikin ruwa. Na kasa kallonsa, shi ma ya kasa kallona, muka tsaya kowa na duban akuya.

Alhaji kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum muryar wayar salularsa a buɗe take, duk gida na ji. Bayan la'asar ya zauna a kan tabarma, ni da matarsa Inna Maimunatu muna ƙofar madafa muna tsinke zogale.

"Kai bawana Kyari, kana lahiya?"

"Wane ɓataccen ne wannan?" in ji Baba, muryarsa tar. "Har yanzu ba ku gano hanyar gida ba?"

Suka yi ta yi, minti biyar cur, suna dariya har Alhaji na tari. Daga nan ya gyara zama.

"Ɗiyag ga taka nika biɗa ma ɗana Luƙman. Ba ta komawa, mun riƙe."

"Na ba ka!" Baba ya ce, yana ƙyalƙyatawa. "Ka haɗa da tsohuwar akuyata, ka rage min ciyarwa."

"Ka ba ni?"

"Na ba ka mana. Ba'are da roƙo!"

Layi ya yanke a kan dariya. Alhaji ya ɗaga hannu ya shafa fatiha, idonsa ya ciko. Inna ta rungume ni tana cewa, "Ɗiyata, Allah ya yi. Dama ni ban ga yadda za ni iya da gidan ga ba in kin tahi."

Ni kuwa ban yi murna ba. Na san dariyar Babana. Akwai wadda yake yi in ya yarda da magana, gajeriya ce, daga hanci take fitowa. Wannan doguwar ta wasa ce. Shekara talatin Alhaji na ce masa ya ba shi gonarsa, ya ba shi rawaninsa, yana cewa na ba ka. Yau ma haka ya ɗauka.

Ranar Alhamis na je lakwal karɓar takardar shaidar gama karatu. 'Yan ajinmu na ta ɗaukar hoto, wannan ta ja ni, wancan ya ce in rubuta masa lambata ta Najeriya. Na yi murmushin da ban san na yi ba. Takardar da na yi wata tara ina wahala a kanta, na naɗe ta na cusa a jaka kamar takardar ƙosai.

A hanya Baba ya kira.

"Yagana, Asabar ɗin dai ko? Na yi wa shugaban makarantar bayan gidanmu magana, ya ce in kin gama jami'a akwai gurbin mai koyar da Faransanci. Ƙafa ma za ki riƙa takawa, ki dawo mu ci abincin rana tare."

"To, Baba."

"Wannan mahaukacin Ba'aren jiya cewa ya yi ya riƙe ki." Ya yi dariya. "Allah ya shirye shi."

Na ce amin, na kashe, na tsaya a gefen titi har wani mai kabu-kabu ya tambaye ni ko lafiya. Tun ina shekara takwas mahaifiyata ta rasu. Baba bai ƙara aure ba, shi ya koyi kitso a kaina, mummunan kitso, har 'yan makaranta na yi min dariya. Ni kaɗai gare shi.

Da na isa gida na tarar da mata uku daga maƙwabta sun zo yi wa Inna barka. Alhaji kuma ya aika a sawo goro, ya gaya wa limamin unguwa, ya kira ƙaninsa na Ɗan Kassari ya ce ya shirya. Magana ta riga ta fita gari.

Na tare Luƙman a zaure yana shigo da babur.

"Baba bai san da gaske ake yi ba."

Ya ce, "Kin tabbata?"

"Ubana ne."

"Amma ya ce ya bada, kowa ya jiya. Kuma kin san al'ada, abin da taubashi yar roƙa..."

"Kar ka ƙarasa." Raina ya ɓaci nan take. "So kake a ɗauke ni a hannunsa kamar an zare wa mai barci zobe? Ya farka ya ga kunya ta ɗaure shi, ya haɗiye, ya yi ta dariya a gaban mutane yana kuka a ɗaki?"

"Ba haka nika nuhi ba, rabin raina. Tsoro nika ji. In anka sake tambaya tai da gaske, shi ce a'a hwa?"

"To ya ce a'a."

"Ke kuma?"

"In mutu a tsaye, amma in koma gida." Hawaye suka zubo min, na bar su. "Ina son ka, Luƙman, har ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba zan shigo gidanku ta bayan Babana ba."

Ya jingina da bango ya rufe fuska da hannu. Bai yi wasa ba, ko ɗaya, kuma a lokacin na fi son da ya yi.

Ranar Juma'a da hantsi na haɗa kaya na warware har sau uku. Na ɗauki waya na ajiye, na share ɗakin da na riga na share. Wace 'ya ce ke buɗe baki ta gaya wa ubanta tana son namiji? A ƙarshe na shiga bayan rumbu na kira, na juya harshe zuwa Barbarci don kar kowa ya ji.

"Baba, maganar da Alhaji ya yi maka... ba wasa ba ce."

"Wace magana?"

"Ta Luƙman. Sun ɗauka ka bayar. Har goro an sawo."

Ina jin kukan kaji a gidanmu, ina jin numfashinsa.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kina so?"

Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Ya ce, "To," ya kashe. Na sake kira bayan azahar, a kashe. Bayan la'asar, a kashe.

Saura Alhaji. Na same shi a kan tabarmarsa da ƙwaryar goro a gabansa yana rarraba na dangi. Na durƙusa na faɗa masa komai, da ƙarfi kuma dole, saboda kunnensa, har Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya da hannu a ƙirji. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya dubi goron ya daɗe, ya ja ganye ya rufe.

"Laihina ne," ya ce a hankali. "Amana mutum yab ba ni, ni kuma na roƙi ɗiya tai awa mai roƙon taba. Tashi, ɗiyata, je ki gama shiri."

Ran Asabar da safe Luƙman ya kai ni tasha, jakata a gabansa. Motar Ƙonni ta kusa cika. Ina leƙawa na ga Alhaji Saminu a kujerar gaba, da babbar rigarsa ta Juma'a da buta a ƙafa.

"Baba, ina za ka?" in ji Luƙman.

"Nguru."

"Kwana biyu hwa a hanya, ga ƙahwakka..."

"Kai dai koma ka koya ma ɗiyan mutane lissahi."

Direba ya tada mota. Luƙman ya riƙe tagar da nake zaune, yana binmu da sauri.

"Yagana, ko mi yac ce, ki kira ni. Ko a'a ce, daga bakinki nika son ji."

Na gyaɗa kai. Muna fita gari na waiwaya, dutsen nan dogo yana bayan gidaje, Luƙman kuma yana tsaye inda muka bar shi.

Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Sakkwato zuwa Kano, Alhaji bai yi min wasa ko sau ɗaya ba. Ƙafarsa ta kumbura har ya cire takalmi. Ni kuwa duk tashar da muka tsaya sai na gwada lambar Baba, tana nan a kashe.

Lahadi da yamma muka isa. Baba na zaune a dakalin ƙofar gida, ya rame a idona. Ya tashi ya dube ni, ya dubi wanda ke bayana.

"Alhaji Saminu. Sannu da hanya."

"Alhaji Kyari. Mun same ku lahiya?"

Tunda nake ban taɓa jin sun kira juna da suna haka ba. Kafin in ankara Alhaji ya dafa bango, da kumburarriyar ƙafarsa, ya durƙusa a ƙasa.

"Subhanallahi, tashi, Saminu, mutane na gani."

"Su gani. Ban tashi sai na roƙa yadda ya kamata."

"Yagana, shiga ciki ki kawo ruwa," in ji Baba, bai kalle ni ba.

Na shiga, amma ƙafata ta ƙi wuce zaure. Na ji Alhaji yana magana a hankali, yana neman gafara, yana roƙo wa ɗansa, ba dariya ko ɗigo.

"Ba ta da uwa, Saminu," in ji Baba. "Ni na goya ta a bayana zuwa asibiti. Na zaci in ta gama yawon karatun nan ta dawo ke nan... Kwana biyu ina neman dalilin da zan hana ka, ban samu ba. Yarinyar da ta iya kirana ta faɗa min gaskiya, ba zan saka mata da baƙin ciki ba."

Daga nan sai maganarsu ta yi ƙasa-ƙasa, na kasa ji. Na ruga randa na ɗebo ruwa, rabi ya zube a hanya.

Na fito na same su zaune a dakali kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa ja. Na durƙusa a gaban Baba na miƙa masa kwanon da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya ɗora tafinsa a kaina, ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa gefe ya goge ido da bakin riga.

"Ba ni za ki fara ba," ya ce. "Kai wa surukinki tukuna."