Sawun Taya a Kogin Hoanib

Motar ta riga ta nutse a yashi har ciki lokacin da Veripi ta sako jakunan amalankenta cikin busasshen kogin Hoanib. Turawa shida ne zaune a sama, kowa da faffaɗar hula, jagoransu kuwa yana durƙushe yana haƙa da shebur, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ta ja linzami, amalanken ya tsaya.

"Sannu da noma," ta ce. "Me ake shukawa a nan?"

Ya ɗago. Dogo ne, mai 'yar wushirya, kuma da idonsa ya sauka a nata sai ta daina dariya.

"Mota nake shukawa, ƙanwata. Za ki taya ni ban ruwa?"

"Rage iskar tayoyin tukuna. Ka kuma yi sauri. Na baro giwaye bakwai a kwanar baya, wannan gawon da ka fake a gindinsa suke nufa."

Bai yi musu ba. Ya sace iskar, ita ta karyo rassa ta cusa ƙarƙashin tayoyin, motar ta yi gurnani ta fito. Suna matsawa gefe giwayen suka ɓullo, suka hau tsintar 'ya'yan gawo kamar ba kowa a wurin. Turawan suka duƙufa ɗaukar hoto. Shi kuwa ba giwa yake kallo ba.

"Sunana Alfeus, daga garin Khorixas. Satina biyu kacal a kogin nan."

"An gani ai," in ji Veripi.

Kafin su rabu ya karɓi lambarta. A ƙauyensu sai an hau tsauni ake samun sabis, don haka sai da ta kwana uku kafin ta ga saƙonsa:

"Barewata, baƙina sun ce ke ce kika fi komai kyau a duk abin da suka gani a hamada. Ban yi musu gardama ba. Kamfaninmu yana neman mai bin sawu. Na ce na san wata mai bakin tsiya."

Ta karanta sau huɗu, sannan ta rubuta: "Mai bakin tsiyar za ta zo. Amma kar ka sake ce mini barewa a gaban mutane."

Haka ta fara aiki. Duk tafiyar kwana biyar da baƙi shida, ita ce a kujerar gaban mota tana karanta yashi: nan raƙuman dawa sun bi da safe, nan kura ta ja wani abu, nan zakanyar da ma'aikatan gandun daji suka sa wa abin wuya ta wuce da 'ya'yanta biyu. Alfeus yana juya maganarta zuwa Turanci, yana ƙara gishiri. A wata na huɗu, suna wanke kofunan shayi a bayan mota, ya ce mata ba tare da ya ɗago ba, "Ina so in turo manyana wurin mahaifinki."

Kofin ya kusa suɓuce mata. Ba don ba ta so ba. Don ta san halin babanta, Tate Uazenga.

Mahaifin nata ya taɓa mallakar shanu sama da ɗari. Fari ya cinye su shekara bayan shekara har suka koma goma sha ɗaya, kuma kowace da sunanta. Da ta faɗa masa, yana zaune a inuwa da ƙwaryar nono a hannu, sai ya ajiye ƙwaryar.

"Wanda yake yawo da Turawa suna tafa wa zaki? Mutumin da ke cin abinci da abin da ke cin shanuna?"

"Tate, aiki ne kamar kowane aiki. Ni ma shi nake yi."

"Ke na ƙyale ki ne don babu ruwan sama. Ga Rukee nan, ɗan ƙanwata, jininmu, ya san darajar saniya. Tun yaushe yake zarya a gidan nan?"

"Rukee yayana ne, Tate. Ba na jin sa a raina."

"To wancan ma ba zai taka mini garke ba."

Rukee yana da tsohuwar akori-kura da baki mai zaƙi. Kullum yana gidan, yau ya kawo wa kawunsa taba, gobe ya kawo gishirin shanu. In ya haɗu da Veripi sai ya yi murmushi ya ce, "Ina direban zakunan? Har yanzu bai ba ki ɗaya ki yi kiwo ba?"

Wata safiya Tate ya fito ya tarar da shingen ƙaya a ɓarke, ga sawun zaki ko'ina. Shanu huɗu kwance cikin jini, har da jar karsanar da ya fi so. Veripi ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba sai ranar. Ya zauna a ƙasa ya dafa kan karsanar yana kiran sunanta.

Kwana biyu bayan haka suna cikin kogin da sababbin baƙi, Veripi ta hango ungulaye a ƙasa, ba sa tashi. Da motar ta matsa, sai ta ga matattu ne, sun fi ashirin. Zakanyar mai abin wuya tana kwance da kumfa a baki, 'ya'yanta biyu a gefenta. A tsakiya kuwa ragowar gawar saniya ce, ja, da tambarin gidansu a cinya.

Wata tsohuwa 'yar Italiya ta fashe da kuka, amma ba ta sauke kyamararta ba. Alfeus ya miƙa hannu zai ɗauki rediyon mota. Veripi ta riƙe masa hannu.

"Don Allah, Alfeus. Ka ga tambarin. Ka san wa za su kama."

"Na gani."

"To ka bari! Mu wuce, mu ce ba mu ga komai ba."

"Gubar tana nan, Veripi. Kafin yamma kuraye da diloli za su ci, karnukan ƙauye ma za su ci. Kuma mutum shida sun gani da idonsu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma ba zan yi shiru ba."

Ya zare hannunsa a hankali, ya kira ma'aikatan gandun daji.

Washegari 'yan sanda suka zo suka tafi da Tate Uazenga ofishinsu na garin Opuwo. Ya ɗauki sandarsa da hularsa ya shiga mota. Rukee ne ya tsaya kusa da Veripi yana girgiza kai.

"Ina da aboki a cikinsu," ya ce ƙasa ƙasa. "Ya ce saurayinki da bakinsa ya ba da sunan Kawu. Har kwatancen gida ya yi musu."

Ta hau tsauni. Saƙonni uku suna jiranta.

"Barewata, kina ina? Na ji abin da ya faru."

"Na rantse ban kira sunansa ba. Tambarin suka bi."

"Ki yi mini magana ko da zagi ne."

Ta rubuta: "Ka zaɓi zakanyarka. Ka je ka yi mata zaman makoki. Kar ka ƙara nemana." Ta kashe wayar.

Sati biyu ta yi ba ta je aiki ba. Ita ke kiwo, ita ke tatsa, mahaifiyarta ta daina cin abinci. Da ta samu mota ta je Opuwo, ta tarar Tate ya rame, idanunsa sun zurma.

"Tate, kai ka sa gubar?"

"A'a."

"To wa ya ɗauki gawar karsanar daga garke?"

Ya kawar da kai ya kalli bango.

Tana dawowa gida ta tarar da Alfeus tsaye a bakin hanya, nesa da garken, kamar yadda aka gindaya masa. Shi ma ya rame. Ta so ta wuce, ya miƙo mata wayarsa.

"Ba biko na zo ba. Iska ta share wurin tun a ranar, amma tsohuwar nan ta ɗauki hotuna da yawa. Na roƙe ta, jiya ta turo. Ni na ga sawu, amma ba ni da idonki. Duba."

Ta karɓa da ƙyar. A hoto na biyar, a bayan ungulayen, sawun mota ne ya shigo daga arewa ya juya. Ba amalanke ba, ba kofaton jaki. Ta buɗa hoton da yatsu. Tayoyi uku masu zane iri ɗaya, na huɗu kuwa sumul, da tabon faci yana maimaita kansa a yashi. Sawun da take sharewa a ƙofar gidansu kusan kullum.

Ta zauna a kan dutse.

"Rukee," ta ce. "Kuma Tate ya sani. Ba zai tona ɗan ƙanwarsa ba ko zai mutu a can."

Alfeus ya durƙusa a gabanta. "In na kai hoton nan, mahaifinki zai fito, amma zai ce ni na ɗaure masa ɗa. Ƙila ba zai taɓa ba ni ke ba. Duk da haka zan kai. Tsoho ba zai ƙare a can don ina tsoron rasa ki ba."

Ta dube shi, hawaye suna zuba. "Na faɗa maka magana mai muni."

"Kin faɗa. Har yanzu tana mini zafi."

"Ka yafe mini, nawa."

"Tun kafin ki turo ta."

Ta share fuska ta miƙe. "Ba kai za ka fara ba. Ni zan fara."

Ta samu Rukee a bakin shago yana wasan karta. A gaban abokansa ta ajiye masa wayar.

"Yaya, ga tayarka. Ka sa guba don Tate ya ce kai ne namiji, sannan ka bar shi yana kwana a siminti kana yawo kana ɓata sunan wani. Gobe da hantsi hoton nan zai isa Opuwo. Ko ka riga shi zuwa da ƙafarka, ko a zo a ɗauke ka a gaban mahaifiyarka."

"Veripi, don Kawu na yi. Kin ga yadda ya yi kuka."

"Na gani. Kai ka je ka ga yadda ya koma?"

Ya sunkuyar da kai, katin ya zube daga hannunsa. Da sassafe aka ga akori-kurarsa ta ɗauki hanyar Opuwo.

Tate ya dawo gida bayan kwana uku, aka tsare Rukee a madadinsa. Bai gode wa kowa ba. Wata guda bai yi wa Veripi magana ba, ƙanwarsa kuma ta daina zuwa gidan. Veripi ta koma aiki, tana nuna wa baƙi sawun giwa da murmushin dole.

A hutunsa na farko Alfeus ya zo da mota cike da turakun ƙarfe da waya mai kauri, waɗanda ƙungiyar kare gandun daji ke ba makiyaya. Ya sauke su a wajen garke ya fara haƙa rami. Tate yana zaune yana kallonsa, bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Ya yi kwana huɗu yana aiki cikin rana, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Hutu na biyu ya sake dawowa.

A rana ta shida ta aikin tsohon ya taso da sandarsa, ya zagaya shingen, ya girgiza wani turke.

"Wannan ya karkace."

"Zan gyara, Tate."

"Ƙofar kuma gabas ake sa ta. Ba a koya muku komai a Khorixas ba?"

"Sai in an samu mai koyarwa, Tate."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannayen nan masu jini. Sannan ya ɗaga murya. "Veripi! Kawo wa mutumin nan nono, kar ya mutu mini a garke."

Da yamma ta hau tsauni ta tura saƙo, ko da yake motarsa ba ta gama ɓacewa ba: "Ya ce ka turo manyanka. Ya ce su zo da wuri, ba ya son jira."

Amsar ta zo nan take: "Na tsayar da mota. Ba na ganin hanya, barewata."

An yi bikin bayan ruwan farko, lokacin da ciyawa ta ɗan leƙo a gefen kogi. Mata suka cika gidan da dogayen riguna masu faɗi da ɗaurin kai mai ƙaho biyu, dangin Alfeus suka zo daga Khorixas da waƙoƙinsu. Mahaifiyar Rukee ta zo a makare, ta zauna can gefe, amma da Veripi ta je ta durƙusa a gabanta, sai ta dafa mata kai.

Da hantsi Tate Uazenga ya kai su gaban wutar kakanni. Ya kira sunayen iyayensa ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da su baƙon da ya shigo gidan. Ya shafa wa ango da amarya man shanu a goshi, sannan ya riƙe hannun Alfeus da ƙarfi.

"Zakunanka ba zan so su ba har in koma ga Allah," ya ce. "Amma kai ɗana ne daga yau. Allah ya ba ku ruwan sama, ya ba ku 'ya'ya, ya sa ku tsufa a inuwa ɗaya."

Mata suka rangaɗa guɗa. Veripi, a ƙarƙashin lulluɓinta, ta laluɓo hannun mijinta ta riƙe.