Sai Kitsen Jinin Ya Sauka

"Maimaita abin da ka ce!"

Injiniya ya sunkuyar da kai yana juya makullin motarsa. Saura wata biyu aurenmu.

"Rabin raina, ba fasawa aka yi ba... Umma ce ta ce a ɗaga, sai an sake gwaji an ga kitsen jininki ya sauka."

"Wa ya gaya wa Ummanka akwai kitse a jinina?"



Ban taɓa ɓoye masa ciwona ba. Shekara huɗu ke nan garkuwar jikina ta juya tana yaƙar gaɓoɓina, ya sha ganin yatsuna sun kumbura har in kasa buɗe kwalba. Amma sakamakon gwajin nan ko likitata ba ta gani ba tukuna!

"'Yar Gwaggo ce," ya ce a hankali. "Kin san a ɗakin gwajin take aiki. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Umma. Wai masu irin ciwonki in kitsen ya hau haka, zuciya da ƙoda ba sa kai su nesa..."

'Yar Gwaggonsa da aka daɗe ana yi masa tallanta!

"Ta tona asirina, ta yanke mini kwana, kai kuma ka zama ɗan aike? Ka ma tambaye ta da izinin wa?"

"Ki fahimce ni, zinariyata..."

"Jarrabawa zan zauna kafin a aure ni? Maki nawa Umma take so?"

Washegari likitata ta duba takardar.

"Haɗarin gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma maganin da kike sha ma yana tayar da kitse. Za mu daidaita shi, mu ƙara wani, ki riƙa tattaki kullum. Babu mai karanta ranar mutuwa a takardar nan."

Daga can na wuce ofishin shugaban ɗakin gwajin, na rubuta ƙara shafi biyu.

Wata uku ina tattaki ni kaɗai. Daga Injiniya sai saƙon "ya jiki?" ranar da ya tuna.

Da kitsen ya sauka, Yayata ta tura masa labari don ta ƙona masa rai. Kafin la'asar sai ga shi a falonmu, baki har kunne.

"Umma ta amince, masoyiyata!"

"Ciwon nan kwanciya yake ya tashi," na ce. "Ran da ya tashi ina ɗakinka, me za a ɗaga? Ni?"

Ya buɗe baki. Na jira shi, wallahi na jira... sai ya koma juya makullin motarsa.

Na nuna masa ƙofa.

Ƙarar motarsa na ɓacewa na zube ina kuka, don har lokacin ina son sa. Yaya ta rungume ni.

"In kira miki shi?"

Na share fuska da mayafinta.

"Kika kira shi, ni da ke ne."