Ranar da Iya Ta Shanye Ƙarshen Labari

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko gaisuwa zan yi sai na sunkuyar da kai. Amma abin ya ƙi barin zuciyata.

Yaya Habu ɗan kawuna ne, malamin ajin Yaƙi da Jahilci a Kiru. Shi ya ci gaba da koya mini boko bayan na tsaya a aji biyu. Shekara uku yana rubuta littafin labari. Sau biyu yana tambayata a zaurenmu na Bebeji ko ina sonsa, sau biyu ina rugawa cikin gida.

Ran Laraba ya kira sunana, ya miƙo mini takardu huɗu.

"Kyauta, ƙarshen labarin ke nan, su kaɗai gare ni. Gobe zan karɓa, jibi in kai wa masu bugawa a Zariya. In sun ba ni aiki... can zan zauna."

Na karanta, na sha kuka. Yarinyar labarin ta yi shiru da malaminta ya tambaye ta ko tana sonsa, sai ya hau mota a Kwanar Dangora, ya tafi.

Na tura takardun ƙarƙashin tabarma na tafi rijiya. Ina dawowa na tarar da kakata, Iya Furera, riƙe da ƙwarya, ruwan ciki ya yi shuɗi.

"Iya! Me kika yi?"

"Rubutun malam na gani, na jiƙa na sha. Har gwiwata mai ciwo ta fara saki!"

"Wayyo Iya, labari ne fa!"

"Malami dai ya rubuta, ko?"

"Yanzu me zan ce masa?"

"Yo ke da can me kike ce masa? Ba kin karanta ba? Hannunki ya karye ne?"

Na zauna a inuwar rumbu da fensir, tun azahar har rana ta yi sanyi. Komai na mayar yadda yake. Da na zo ƙarshe, hannuna ya ƙi. Sai na rubuta cewa yarinyar ta biyo motar a guje tana kira, "Kada ka tafi ka bar ni!"

Washegari da hantsi Yaya Habu ya yi sallama. Ni da kaina na kai masa. Ya karanta a tsaye.

"Kyauta... wannan ba ƙarshena ba ne."

Ƙafafuna suka ce in ruga. Na dafe bangon zaure, na ɗago na dube shi.

"Nawa ne, Yaya."