Madubin Babbar Mota

An sace motar Mubarak ranar Juma'a da safe, ana saura kaɗan a fara tseren motoci. An karya kwaɗon garejin filin tseren, an fita da ita ta babbar ƙofa.

Sufeto Ghanim ya iso ya tarar da mai motar yana ta faɗa. Dattijo ne mai jiki, kowa a garin Rifa ya san shi da baƙar motarsa ta babban aji.

Mai gadi ya ce shi dai ya ga mutum da hular kwano da kayan tsere, ya ɗauka Alhaji ne zai je shan mai, har ya ɗaga masa hannu.

"Wa ya iya tayar da ita?" Sufeto ya tambayi Mubarak.

"Ni, sai 'yata Hessa, sai Yakub. Akwai maɓalli ɓoye a ƙarƙashin kujera. Amma cire su a zargi. Yakub tare muka yi wasan ƙasa a garin Muharrak. Kuma me zai yi da zaki, mutumin da ya tsufa a kan kyanwa?"

Yakub na gefe yana goge 'yar farar motarsa. Siriri ne, ba ya ɗaga murya.

"Kyanwar nan ce ke cin ka a kowace kwana, Abu Hessa."

"A kwana! In an miƙe fa?"

"In an miƙe sai in yi maka addu'a."

Sufeto bai san harkar ba, sai Yakub ya yi masa bayani. Aji uku ne ke shiga fili lokaci ɗaya. Babbar mota tana cinye miƙaƙƙiyar hanya, amma nauyi ya yi mata yawa, dole ta taka birki tun daga nesa. Ƙaramar ba ta da ƙarfi, sai dai tana shiga kwana kamar ruwa. Ta tsakiya ba ta fi kowa a komai ba. Haɗarin yana wurin da babba ta cim ma ƙarama.

"Ina kake da safen nan, Baffa?" Sufeto ya tambayi Yakub.

"Kasuwar kifi."

"Ina kifin?"

"Bai yi mini ba."

Bayan sallar Juma'a aka ga motar a wata gonar dabino, an lulluɓe ta da tamfol, an ajiye ta a inuwa. Ɓarawon har da sa dutse a bayan taya.

Sufeto ya zagaya ta. A gefen hagu akwai doguwar ƙarzuwa da ragowar fenti rawaya. Ya sa Mubarak ya shiga ya zauna.

"An taɓa wani abu?"

"Kujera tana nan yadda na bar ta." Ya ɗaga kai. "Wane ɗan iska ne ya juya mini madubai?"

"Da yaya suke?"

"Oho. Ni ban taɓa kallonsu ba. Wa zai zo ta bayana?"

"Wannan ƙarzuwar fa?"

"Bango ne."

Sufeto ya sake duban fentin. Bai ga bango rawaya a filin ba, amma ya ga motar Hessa, kuma rawaya ce.

Ya same ta a gareji tana duba iskar taya. Likitar haƙori ce, tana tsere a ƙaramin aji. Ya nuna mata inda aka yi sabon fenti a gefen dama na motarta.

"A wurin ajiye motoci aka goge ni," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Kin taɓa tuƙa ta Babanki?"

"Sau ɗaya. Sai da na ja kujerar gaba sosai kafin ƙafata ta kai."

"Ku 'yan ƙaramin aji, me kuke fara yi in kun shiga mota?"

"Madubi. A madubi muke rayuwa, Sufeto. Manyan suna fitowa ta baya kamar aljanu." Sai a lokacin ta gane abin da ta faɗa.

Da la'asar suka zauna a majalisar gidan Mubarak, ɗakin karɓar baƙi. Aka kawo dabino da gahawa. Sufeto ya karɓi butar da kansa, ya zuba, ya miƙa wa mai gidan kofi ta gefen hagu. Hannunsa ya daɗe a sama. Mubarak yana ta zance, bai ga kofin ba.

Yakub ya miƙa hannu a hankali ya karɓa, ya zagayo da shi ta dama. Da gani ya saba yin hakan.

Sufeto ya fita da Yakub tsakar gida.

"Tsayinku ɗaya da Mubarak, shi ya sa ba ka taɓa kujera ba. Amma hannunka ya je madubi da kansa."

Yakub ya yi murmushi. "Shekara talatin ina kallon baya. Ban ma san na taɓa ba."

"Tun yaushe idonsa na hagu ya daina gani?"

"Tun bara. Makon jiya ya zo wuce Hessa a kwanar ƙarshe, tana hagunsa, bai gan ta ba. Da ba ta kauce cikin yashi ba, da yau zaman makoki ka tarar. Har yanzu yana cewa bango ya goga. Na ce ya huta, ya ce hassada nake yi. Yarinyar ta kasa faɗa masa."

"Da ka gaya wa likitan fili."

"A kira shi makaho a gaban mutane? Motar nan ce ta rage masa tun rasuwar matarsa. Na ce in ɓoye ta har kakar tsere ta wuce." Ya dubi Sufeto. "Ɗana, rubuta cewa hassada ce."

"Zan rubuta ka karya kwaɗo ka ɗauki mota. Dalili naka ne. Amma shi sai ya ji."

Ashe ya ji. Mubarak na tsaye a bakin ƙofa, Hessa na riƙe da hannunsa.

"Ke ce bangon?" ya tambaye ta.

"Ni ce, Baba."

Mubarak ya juya wurin Sufeto. Sannan ya ce, "Sufeto, na janye ƙara."

"Taka ka janye, Alhaji. Kwaɗon na masu fili ne, kuma ba su janye ba."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya buɗe wa Yakub ƙofar gaba ta motarsa. Kafin su tashi Mubarak ya leƙo ta taga.

"Tsohon banza. Ka tuƙa ta dai, yaya ka ji ta?"

"Jaka ce a kwana."

"Ƙarya kake."

Mubarak bai sake shiga fili da mota ba. Ya ce wa mutane gwiwa ce ta dame shi, aka yarda.

A gaban alƙali Yakub ya ce hassada ce, bai ƙara kalma ɗaya ba. Ya yi wata uku a gidan yari, masu fili suka hana shi tsere har abada. Duk Juma'a yanzu yana zaune a rumfar 'yan kallo, a hagun Mubarak, yana faɗa masa inda motar Hessa take. Har yau akwai masu matsar da makullansu in ya zauna kusa da su.