Gidan Ƙasar Su Zaharaddin

Ramata ta fara ganin Zaharaddin ne a kan tsani yana yaɓe bangon wani tsohon gida a tsohon garin Agadas. Ta tsaya tana kakkaɓe laka daga takalminta, ta tambaye shi ko har yanzu akwai masu kwana a wannan rumbun.

"Akwai, Hajiya. Ni ne," in ji shi. "Ku kuma har yanzu kuna gasuwa a tandun siminti?"

Ta harare shi ta wuce. Amma da ta sake biyowa ta lungun, sai ta ce tana so ta ga abin da yake taƙama da shi. Ƙanwarsa Biba ta shiga da ita. Zauren da sanyi kamar bakin randa, rufin ɗaurin guga mai lanƙwasa kamar baka, azarar goruba ta yi baƙi don tsufa, bangon sama duk zanen da kakanninsa fatake suka sa aka yi tun zamanin ayari. Ramata ta taɓe baki ta ce ba laifi. Ta dai bar lambarta wajen Biba.

Daga nan mesaj ya fara tafiya.

"Sheri, yau ma tandun ya dafa min ke?"

"Ɗan laka, ka kula da rumbunka."

Mahaifinta, Alhaji Mourtala, dariya ya yi da ya ji zancen Zaharaddin na son aurenta. Ya ce ai ba tantabara ya haifa ba da za a kai ta akurki. Shi Bashar yake so, wanda ya dawo daga Jado da zinariya ya gina etaj, wato bene, mai gilashi, ginin da ko ƙadangare ba ya raɓa da rana.

Damina ta zo da ƙarfi, bangon soron sama na gidan su Zaharaddin ya zube. Alhaji ya aika cewa in Zaharaddin na son auren, ya rushe sauran ya yi na bulo. Ramata ta rubuta masa: "Ka yarda mana, don ni."

"Zan ba ki komai, ban da wannan," ya amsa.

Ta rufe wayarta, ta daina kula shi.

Bashar ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare, ya ce da zai samu dama da katafila zai share tsohuwar unguwar su Zaharaddin kaf, daga tsofaffin gine-ginen har tsofaffin da ke ciki. Alhaji ya yi dariya. Ramata ta ji abin ya soke ta, ta tashi ta faɗa wa kakarta Tabawa.

Tsohuwar ta fito da sandarta, ta dubi Bashar daga hula har takalmi, sannan ta juya ga ɗanta.

"Mourtala, a wannan unguwar aka binne cibiyarka. Ni ma ka sa a share ni."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Bashar ya fice bai sha shayinsa ba.

Da la'asar Ramata ta samu Zaharaddin yana ɗora tubali, ya rame. Ta ce ba ta zo ba da haƙuri ba, ta zo ne ta ga ko ɗakinta zai ƙare kafin sallah. Ya yi murmushi.

Bayan sallah aka ɗaura aure. Tabawa ce ta riƙe hannun amarya ta tsallakar da ita dokin ƙofa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya," in ji ta, "ya ba ku 'ya'yan da za su riƙa yaɓe."

Daga bayan mata aka ji muryar Alhaji yana cewa amin.