Ƙararrawar Da Tela Ya Zaɓa

Gab da magariba tela ya rufe shago, ya tura kekensa wurin mai gyara. Ƙararrawarsa ta mutu, matarsa kuma ta rantse ba zai ƙara hawa babban titi da keke bebe ba.

Mai gyara ya baje masa kaya a kan buhu, ga ham na roba, ga sababbin ƙararrawa suna sheƙi. Tela ya matsa ham, ya yi kukan agwagwa.

"Wannan ko akuya ba za ta kauce masa ba," in ji tela.

Can gefe ya hango wata tsohuwar ƙararrawa, murfinta a lotse. Ya taɓa ta. Ƙarar ta ratsa shi har haƙori.

Mai gyara ya rage murya. "Maigida, bar wannan. A keken wani bawan Allah na cire ta. Tirela ce ta bi ta kansa."

"Ƙarfe ai ba ya riƙe gaba. Ɗaura min."

Ya hau titi duhu na sauka. Hayaƙi, ƙugin injuna, fitilu suna kashe ido. Bai yi nisa ba keken ya yi nauyi, kamar an ɗora masa buhun siminti a baya. Tayar baya ta fara kuka.

Sai ƙarni. Ƙarnin jini, gauraye da ƙaurin roba.

Ya so ya waiwaya, wuyansa ya ƙi.

Wani hannu mai sanyi ya sauka a kan nasa, ya danna masa babban yatsa. Ƙararrawa ta ɗauka.

"Buga," aka raɗa masa a kunne. "Buga da kyau. Ni ma haka na yi ta bugawa."

Kan keken ya karkata tsakiyar titi. Tela ya ja birki, babu. Ƙasa na rawa. Tirela ce a bayansa.

"Ka gani? Ba sa ji."

Da ƙyar ya fizgo sunan Allah, ya saki keken, ya wurga kansa gefe.

Ƙafar dama ce ta makara.

Yana kwance a bakin kwalbati ya ji keken yana rugurgujewa a ƙarƙashin tayoyi. Direban ko rage gudu bai yi ba.

Mutane suka taru a kansa. Kafin a samu mai ɗaga shi, wani mai rumfa ya ce, "Su masu keken nan ba sa jin magana. Ya fi ƙarfin ya sa ƙararrawa ne?"

Tela ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara taka keken ɗinki ba. Yanzu matarsa ce ke zama a gefensa tana juya masa, shi yana tura yadi. In mai keke ya wuce ƙofar shagon yana buga ƙararrawa, ɗinkin yakan karkace. Ita takan karɓi yadin ta warware.